Sallamar Baraka

Har gobe in na tuna Alhamis ɗin da na shirya sallamar Baraka, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ƙara wa labarin gishiri.

Lokacin ina babbar jami'a a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a nan Jos. Irin namu maganin ba allura ba ƙwaya. Mutum ya zo duk mako ya faɗi abin da ya zo masa a rai, mu saurara, mu kuma lura da abin da maganarsa ke tayarwa a tamu zuciyar. Wannan na biyun muke kai wa na gaba da mu a ƙarshen wata, a tattauna. Ni na sha koya wa ɗalibai haka, har da ɗaga yatsa.

Baraka tela ce daga unguwar Dilimi. Ƙanenta direba ya rasu a hatsarin mota kan hanyar wani aike da ita ta yi masa. Tun daga nan barci ya ƙaurace mata, keken ɗinki ma ta kasa hawa. Mun yi watanni muna zama, kuka ya fi magana yawa. Ana cikin haka maigidana ya rasu, na shiga takaba.

Da na dawo aiki sai na tarar da wata Baraka daban. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta shiga ba ni labarin kwastomomi, har da wadda ta kawo guntun yadi tana son riga da zani da ɗankwali, a kuma rage mata na goyo. Na yi dariyar da rabona da ita tun kafin rasuwar. Duk mako haka, ga shi ta ce barci lafiya lau. Sai na mayar da zamanta ƙarshen yini, don in tafi gida da sauran dariyar.

Na kai wa ogan sashenmu labari ina hura hanci. Dattijo ne marar yawan magana. Ya ce sauƙin nan ya yi sauri, ya tambaye ni me nake ji in ta shigo. Na ce daɗi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in sake tunani kafin in sallame ta. A raina na ce tsufa ne ke damun oga.

Ranar Alhamis ɗin na yaba mata, na ce zamanmu ya zo ƙarshe. Ta dube ni tana murza bakin mayafi.

"Anti, ke yanzu da sauƙi?"

Na ce alhamdu lillahi.

"To tunda kin samu sauƙi, ni fa har yau ba na barci. Keken ma yana nan lulluɓe da zani. Labaran nan duk na maƙwabciyata ne."

Na tambaye ta me ya sa ta ɓoye mini. Ta ce a makon da na dawo ta ambaci ƙanenta, sai ta ga na juya na kalli taga, na tambaye ta ya kasuwa. Ta sake gwadawa wani makon, na sake yin haka. Wallahi ni ban ma san na yi ba.

"Sai na ga ba tarbiyya ba ce in kawo kukan mamaci gaban wadda ta fito takaba," in ji ta. "Na ce bari in jira ki."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Matar da ta zo neman magani ita ta yi wata da watanni tana jinyata, ni kuma ina shirin tura ta gida da ciwonta. Na ba ta haƙuri, na soke sallamar. Washegari na koma wajen oga da sanyin jiki, ya haɗa ni da wadda zan riƙa zama da ita a kan nawa rashin.

A ɗakin zama da marasa lafiya ba mu kaɗai ke karanta fuska ba, su ma suna karanta tamu. Mutanenmu kuwa akwai kara, sai su haɗiye ciwonsu don kada su fama naka. Saboda haka in marar lafiya ya warke daidai lokacin da kake bukatar ya warke, kada ka yi saurin murna. Fara duba kanka.