Lamba Tara Yana Tumfure

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da abokina na ƙuruciya, wanda muka taso tare a Kumbiya-Kumbiya ta Gombe kafin neman abinci ya kawo mu Bauchi. Shi hannuwansa biyu a aljihu. Ni kuwa ina rungume da jakar baya, kuma abin da ke cikinta ya hana ni cin masar da ya saya mana a bakin tasha, duk da zafinta da yajinta.

A cikin jakar akwai tsohuwar na'urar gem, irin mai cin faifai, da hannuwanta biyu na dannawa, da faifan wasan ƙwallo guda ɗaya. Wani zai ce ina abin fargaba a kayan wasan yara? To, duk wanda ya bi hanyar arewa maso gabas a 'yan shekarun nan ya san yadda ake kallon mai ɗauke da akwatin roba da wayoyi ja da fari da rawaya. Saboda haka na ɗauko katin shaidata, da takardar gama hidimar ƙasa, har da wata takarda da na rubuta da Hausa da Turanci cewa wannan abu na wasa ne. Abokina ya karanta ta ya ce saura hatimin mai unguwa.

Bari in faɗi dalilin tafiyar. Muna yara, akwai gidan gem a layinmu, na wani ɗan kasuwa mutumin Borno da muke kira Baba Kyari. Ɗaki ɗaya ne, talabijin huɗu, benci uku, da fanka mai kuka. Baba bai taɓa riƙe hannun gem ba, ɗansa Modu, sa'anmu, shi ke kula da wurin. Dokar gidan ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Kowa na bin ta ban da Modu. In an ci shi sai ya gyara zama ya ce, “Mai gida ba ya tashi.” Shi ne kuma ya zauna wata rana ya goge sunayen 'yan wasan wata ƙungiya, ya sa sunayen yaran layinmu, ya adana a ɗan katin nan da ake sokawa a gaban na'urar. Ni ya sa ni a gola, wai don ko a gem ba na son nisa da gida.

Kimanin shekara biyu ke nan Modu ya tafi wani gari na bakin tafkin Chadi sarin kifi. Tun daga nan ba a ji ɗuriyarsa ba. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi. Watan jiya sai ga wayar Baba Kyari. Ya ce ya tsinci katin a aljihun tsohuwar rigar Modu, ya kai wa masu gyaran waya sun yi masa dariya. “Kai ka yi boko,” in ji shi. “Abin da ke ciki yana nan?” Na ce wataƙila, amma ban yi alkawari ba. Mako uku na yi ina bin 'yan gwanjon lantarki kafin in sami na'urar da ke aiki, da faifai irin na wancan lokaci sak, don ina jin in faifan ya bambanta katin ba zai buɗu ba.

Mota ta cika wajen ƙarfe bakwai, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na sani, direba ya ce ba nisan ake biya ba yanzu, tsaye-tsayen ake biya. Hanya ba laifi har gadar Dindima, inda mata suka kewaye mu da soyayyen kifi a faranti. Daga Alkaleri ramuka suka fara, irin waɗanda direba ke gaishe su da salati. Damina ta yi kyau, dawa ta fi tsawon mutum, shanu na kiwo har bakin kwalta. Wani dattijo a gefena ya saya mana dafaffiyar gyaɗa, ya tambaye ni ko jariri ne a jakar, ganin yadda nake tallafe ta a kowane rami.

Shinge uku muka wuce da ɗaga hannu kawai. A na huɗu aka ce kowa ya sauko da kayansa. Muka jeru a rana. Da sojan ya zuge jakata wayoyin suka leƙo, na ga dattijon gyaɗa ya ja da baya taku uku, wata mata ta janye 'yarta. Na miƙa takardata. Sojan bai ko dube ta ba. Ya ɗaga na'urar, ya juya ta, ya danna maɓallin murfi ya buɗe, sai ya yi dariya ya kira ɗan'uwansa. Da gurguwar Hausarsa ya ce irin wannan ce ta sa ya sha bulala a makaranta. Ya tambaye ni ko tana karanta faifai. Na ce wani lokaci. Ya ce, “In ya ƙi, juya shi ƙasa ya koma sama.” Na ce na sani, yallaɓai. Ya mayar mini da ita da hannu biyu. A mota dattijon ya ƙara mini gyaɗa, ina jin ta ban-haƙuri ce.

Mun wuce unguwar Tumfure a kan hanyarmu ta shiga garin Gombe ba tare da mun sauka ba, duk da Baba ya ce ya koma can, don kwatancensa na waya bai wuce “bayan wata gonar masara” ba. Muka ce mu fara zuwa tsohuwar unguwa mu tambaya. Gaskiya kuma ina son ganin shagon.

Gari ya canja. Buhunan yashi a ƙofar ma'aikatu, ana laluben mutane a ƙofar kasuwa da masallaci. Mai keken da ya ɗauke mu matashi ne, na tambaye shi ko akwai sauran gidajen gem. Ya ce ya san biyu, ɗaya ya koma wurin cajin waya, ɗaya ana sayar da siminti. “Oga, wa zai bar ɗansa ya shiga ɗakin da mutum talatin suka cunkushe yanzu? Kuma ga gem a waya, firi.” Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma gem na waya ba ya da na baya da ke hura maka wuya yana cewa ka yi sauri a ci ka.

Shagon yana nan, sai dai labule ne a ƙofar maimakon allon da aka zana ɗan ƙwallo. Muka yi sallama, wata mata ta fito da tsintsiya. 'Yan garin su Baba ne da suka gudo, shi ya ba su ɗakin su zauna, ita da mijinta da surukarta. Da ta ji abin da ya kawo mu ta ɗage labulen ta ce mu leƙa. An haɗa bencinan nan uku an shimfiɗa katifa a kai. A bango kuwa, sama da inda suka jera kwanuka, teburin gasar da muka rubuta da gawayi bai gama gogewa ba. Sunana na can ƙasa, inda ya saba zama. Matar ta ce ta ɗauka lissafin masu gidan ne, shi ya sa ba ta wanke ba. Ta yi mana kwatance mai kyau, har da launin ƙofa.

Komawa Tumfure a keke tafiya ce mai tsawo. Gidaje sababbi, wasu ba rufi, sun tsiro a tsakiyar gonaki, sai ka ga katanga ta tsaya masara ta ci gaba. Mun sami Baba a kan tabarma a zaure. Ya rame, gemunsa ya yi fari tas. Tun a hanya nake juya addu'ar da zan yi, don ba a cewa Allah ya jiƙan wanda ba a tabbatar ba. Na ce, “Baba, Allah ya bayyana shi.” Ya ce amin, ya riƙe hannuna ya ce, “Gola, ka yi ƙiba.” Ashe har shi ya san sunan.

Sai da muka ci abinci ya yarda a taɓa jaka. Iya, mahaifiyar Modu, ta aiko da burabusko da miyar kuka mai kifi, da ruwan randa. Bayan azahar aka ɗauko talabijin ɗaya da ta rage daga na shagon, mai ƙaton ƙeya. Babu wuta, maƙwabci ya ara mana ƙaramin janareta. Baba ya zaro katin daga cikin hularsa, a naɗe da ƙyalle.

Faifan ya ƙi tashi. Na goge shi da gefen rigata, ya ƙi. Na kifa na'urar kamar yadda muke yi a da, kamar yadda sojan ya tuna mini, sai ga kiɗan buɗewa ya cika zauren. Ni da abokina muka dubi juna, ban san lokacin da muka fara binsa da baki ba.

Na soka katin. Wani rubutun Turanci ya fito, abokina ya kai yatsa zai danna, don mu a da ba ma karanta komai, dannawa muke har a fara wasa. Na cafke hannunsa da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Rubutun cewa yake katin ba ya karantuwa, a share shi? Dannawa ɗaya da komai ya tafi. Abokina ya ajiye hannun gem ɗin a ƙasa kamar ya ɗauki garwashi. Baba ya dube mu ya ce, “Ya mutu?” Na ce ban sani ba tukuna, Baba, mai yiwuwa datti ne. Na zare, na hura, na mayar. Rubutun ya dawo. Na sake, ya dawo. Sai muryar Iya daga bayan ƙofa ta ce, “Modu a hularsa yake gogawa. Kullum ina yi masa faɗa.” Baba ya cire hularsa ya miƙo mini. Na goga bakin katin a hankali, na yi bismilla, na soka.

Sunaye suka jero. Yaran layinmu goma sha ɗaya, wasu suna Legas yanzu, ɗaya ya rasu, ɗaya limami ne. Ni a gola. Lamba tara, Modu.

Da aka fito fili Iya ta shigo ta durƙusa gaban talabijin. Modu gajere ne, amma a gem ya mai da kansa dogo, ya fi kowa gudu, ya fi kowa ƙarfi. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wannan tsawon ƙarya ne.” Muka yi dariya, ita ma ta yi, tana share ido da bakin mayafi. Baba ya ce suna da hotonsa na katin zaɓe, amma a hoto ba ya motsi.

Sai ya miƙo hannu. Shekara nawa yana da gidan gem bai taɓa ba, ranar ya ce a nuna masa. Na ɗora babban yatsansa a kan maɓalli. Abokina ya ɗauki ɗaya ƙungiyar ya bar 'yan wasansa a tsaye, Baba ya lura ya ce, “Kai ɗan Fulani, kada ka raina ni. Yi wasanka.” Baba bai damu da ƙwallo ba. Lamba tara yake kora, daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani lokaci har wajen layi. Abokina ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɓarar, amma ɗaya ta kuɓuce masa ta shiga, ta tsakanin ƙafafuna kuwa, in an bi sunan golan. Aka tashi ɗaya da nema, an ci Baba.

Baba ya san doka, shi ya sha raba faɗa a kanta. Ya miƙo mini hannun gem ɗin ya fara yunƙurin matsawa. Na mayar masa na ce, “Baba, mai gida ba ya tashi.” Ya dube ni, ya dubi Iya. Ya gyara zama.

Mun fito da la'asar don mu wuce shingaye da sauran rana. Na bar na'urar a can. Takardar da na rubuta wa sojoji na juya bayanta na zana wa Baba maɓallan, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa in rubutun Turanci ya fito kada a danna komai, a kira ni. Na maimaita masa sau uku har abokina ya ja ni. A shingen nan na huɗu an canja masu aiki, wanda ya duba jakata ya ga ba komai sai ledar gyaɗa. Mun shiga Bauchi ana kiran magariba.

Na tafi ina zaton kewar gem nake yi. A hanyar dawowa na ga kamar ba haka ba ne, ko ba haka kaɗai ba. Abin da na yi kewa shi ne ɗakin da yara talatin za su matsu, Bafulatani da Babarbare da Batangale, babu mai tsoron jakar wani. Ban san ko zai dawo ba, kamar yadda ban san ko Modu zai dawo ba. Na kuma koyi cewa yawan tsorona, da ake yi mini dariya a kansa, yana da ranarsa.

Kwana biyar bayan nan wayata ta yi ƙara ina cikin aji ina koyarwa. Na ga lambar Baba, na ce shi ke nan an danna. Na fita da gudu na ɗauka.

“Gola,” in ji shi, ina jin kukan janareta a bayansa. “Ya ci ƙwallo.”