Lilon Aro

A bakin hanyar Rikoto, gaban wata makarantar renon yara, wata mata ce tsaye, alli duk ya ɓata mata zane, tana ɗaure lilon yara a bayan babur. Jan igiyar take kamar wuyan wani ta samu. Ka ganta ka ga malamar da ta daɗe tana share majinar 'ya'yan mutane.

"Malama Keziah, Ribah zan kai shi?" in ji mai babur.

"Ribah! Gobe su za a duba. Jibi kuma Bena."

Ashe lilon na aro ne, makaranta-makaranta yake bi, yana riga masu duba makarantun renon yara isa. Jiya nan suka zo, suka ɗauki hotonsa, suka ba makarantar matsayi na ɗaya.

"Shekara sha ɗaya ina koyarwa," take cewa, "ko yaro ɗaya ba su ce ya karanta ba. Lilo ne ya ci jarrabawa!"

Yara sun yi cirko-cirko a ƙofa suna kallon babur na tafiya. Ko hawa lilon ba su yi ba. An hana, wai kada fenti ya goge.