Shaidun Auren Manzo

Duk wanda ya san Kalfu ya san yayana Manzo, dogon mutumin nan da ke yi wa awakinshi faɗa da yaren Tonawa, mutanen Kumasi. Ni ce Hawa, ni ke bi mishi, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irin nashi ba. Ya tsufa ba mata a ɗakinshi, ni ke aika mishi tuwo har ya koma ga Allah. Yau ma in na tuna shi sai haushi ya kama ni, can kuma in yi kuka.

Shina saurayi ya bi 'yan cin rani zuwa Kurmi, kamar kowane ɗan Adar da dutse ya cinye gonar ubanshi. Lokacin nan ba mai tambayar ka takarda bisa hanya. Abokan tafiyarshi sunka dawo da ruwan fari, shi ko ya zauna Kumasi. Ya yi dako a kasuwa, ya yi ɗinkin buhunan koko, daga baya ya kafa tebur bakin tasha shina saida turare da madubi. Nan ya gamu da Adisa, Batoniya ce musulma mai soya kifi kusa da teburinshi. Anka ɗaura musu aure a zango, unguwar Hausawa.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai babanmu ya rasu. Inna ta makance, ƙannenmu ƙanana, gona ba mai riƙe ta. Anka aika mishi, ya tattara komatsanshi ya taso da matarshi cikin kamyo, babbar motar kaya. Da sunka kawo iyaka, wurin da a da shike wucewa shina cin gyaɗa, sai ga sanda an gitta, ga jandarmomi. Shi ɗan ƙasa ne, an ce shi wuce. Ita kuwa anka ce baƙuwa ce, sai da biza, kuma ba a ba ta biza sai an ga takardar aure. Ya yi roƙo har muryarshi ta dushe. Kawunta da ya rako su, wanda a wajen Tonawa shi ke da iko da ɗiya, ya kama hannunta ya ce ba a ƙara wulaƙanta musu yarinya bisa titi. In Manzo na son matarshi, shi zo da takarda. Manzo ya ce mata kafin a yanke gero shina dawowa.

Ni na tarbe shi ƙofar gida, ina ta leƙen bayanshi. Na ce, "Yaya, ina amaryar tamu?"

Ya ce, "Tana tafe." Ya shige wurin Inna.

Ya tafi biro, ofishin gwamnati, a Tawa, ya iske wani akawu ɗan Damagaram, Malam Hasan, mutumin kirki. Ya bayyana mishi cewa tunda da Fatiha anka ɗaura auren, ba rubutu, sai shi kawo mutum biyu da sunka zauna wurin ɗaurin, su tsaya gaban alƙali rana guda su rantse. Sannan a ba shi takarda, a aika Yamai a nemo bizar.

Malam Hasan ya ce, "To, su wa sunka halarta?"

Ina Manzo zai san su? Ango ai ba shi zuwa ɗaurin aurenshi! Ran nan shina can ɓoye ɗakin aboki, kunya kamar ta kashe shi. Dattijon da ya yi mishi wakilci kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Sai ya shiga bin ƙauyuka a ƙafa, duk inda ya ji wani ya taɓa zama Kumasi ya je ya tambaye shi. Da kyar ya samu biyu, Illa na Barmu da Attahir na Takanamat.

Kun ce an gama ko? Ina! Illa ɗan cin rani ne, sai ruwa ya sauka shike gida, da an ɗaure dammai ya koma Kumasi. Attahir kuma mai kiwo ne, da ruwa ya sauka shike kora shanu arewa can Azawak, ba shi dawowa sai Illa ya ɗaga. In an kama wannan, wancan ya kuɓuce. Shekara ta fari sunka saɓa da 'yan kwanaki. Ta biyu Manzo ya bi Attahir har daji shina roƙo, Attahir ya ce shanun mutane ne hannunshi, wa zai bar wa?

Mazan Kalfu sunka ce mishi, "Haba Manzo, mu je mu tsaya maka mana, ai mun san ka yi aure." Malam Hasan da kanshi ya kau da kai ya ce, "Ni dai mutum biyu nike so, ban san Kumasi ba." Yayana ya ce Allah shi kiyashe shi, auren gaskiya ya yi, ba shi kawo matarshi gida bisa rantsuwar ƙarya. Wannan ban ga laifinshi ba, ko da na so shi yarda.

Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Kowace kaka shi ke raka Illa tasha, shi riƙe mishi jaka, shi tsaya har kamyo ya tashi. Idonshi ya yi ja, amma abin da ke fitowa shi ne, "Ka gaida mutanen zango." Shi ke nan fa. Ko sunanta ba shi faɗi, ni ma a bakin mutane na ji shi.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ka ba Illa saƙo. Ka ce shi gaya mata kana nan kana fama."

Ya ce, "Ke Hawa, ba ki da kunya? In dubi namiji ɗan'uwana in ce shi gaishe mini da mata? Kuma in ce mata mi, ga ni hannu wofi?"

Na ce to ni in aika, ai matar yayana ce. Ya rantse in na yi haka ba ni ba shi. Illa kuwa, tunda mai mata bai ta da zancen ba, shi ma ba shi tayarwa. Maza biyu manya, gemu da gemu, kowa na jin nauyin kowa, mace na can tana jira.

Kada ku ce ya manta ta. Ina kai mishi fura gona in iske ya dogara da hauya shina kallon kudu. In ya ci tuwona sai shi ce miyar ba yaji, ni ko na san miyar wa shike tunawa. Matan gari sun yi ta kawo mishi zancen aure, shi ce shina da iyali, tana tafe.

Wata damina kurkunu ya kwantar da Attahir, bai iya bin shanu ba. Allah shi gafarta mana, ban taɓa ganin mutum ya yi murna da ciwon wani kamar yadda Manzo ya yi ba. Ya ari jaki ya ɗauko shi tun daga Takanamat, ƙafa naɗe da tsumma, ya aika Barmu a ce wa Illa su gamu ƙofar biro ran Litinin. Ni ma na kwana Tawa bayan kasuwar Lahadi, na ce sai na ga wannan rana da idona. Yayana ya sa farar rigarshi, shina ta dariya da kowa.

Illa ya iso a makare, ya gaisa sama-sama, ya ja Manzo gindin itacen bedi. Na bi su, ba wanda ya isa shi kore ni.

Illa ya ce, "Manzo, ka yi haƙuri. Kawun iyalinka ya kai ƙara wurin malaman zango, ya ce miji ya tafi shekara da shekaru, ba aike ba labari. Sun kira ni, don ni ke zuwa daga wajenku. Sun ɗora mini Alƙur'ani, sun ce ko ka taɓa ba ni saƙo gare ta, ko da gaisuwa ce. Na gaya musu wahalar da kake sha, sun ce ba ita sunka tambaya ba. Na ce ba ka taɓa ba. An raba auren. Da azumin da ya wuce anka ba da ita ga wani tela."

Manzo ya zauna ƙasa da farar rigar. Ya ce, "Lafiya take?"

Illa ya ce, "Lafiya lau. Duk shekarun nan, in kamyon 'yan Adar ya shigo tasha, sai ta bar kifi bisa wuta ta zo ta tsaya tana duban masu sauka ɗaya-ɗaya. Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ce mata komi ba."

Daga ciki anka ji muryar Malam Hasan shina kiran Manzo na Kalfu da shaidunshi. Ba wanda ya motsa. Yayana ya ɗaga kai, hawaye na bin gemunshi, ya ce, "Illa, in ka koma, ka gaishe mini da Adisa. Ka ce mata ban kwana ko sau ɗaya ban tuna ta ba."

Ran nan na fara jin sunan a bakinshi.

Illa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni iyawa, Manzo. Matar wani ce yanzu."