Jakar da Ta Kama Mana Kujera

Sunan mijina Nasidi. Rubutawa na yi, ban faɗa da baki ba, don haka kada wani ya kai ƙarata wurin mahaifiyarsa. A gida Abban Firdaus nake ce masa. A Fagge aka haife shi, ya tashi a rumfar babansa a Kantin Kwari, kuma babbar taƙamarsa ita ce ba a taɓa zare masa ko allura daga aljihu ba. Lokacin da yake nemana, duk wandon da tela zai ɗinka masa sai an yi masa aljihun ciki. In muka shiga kasuwa, kafin in yi taku uku zai ce, "Sakinatu, jakarki gaba."

Sai ya samu aiki a Doha, babban birnin Qatar, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, muka tare a unguwar Al Muntazah. Shekara goma sha ɗaya garin nan ya yi yana kwance masa wayonsa. A nan mutum zai bar mota a kunne a kasuwar Abu Hamour, ya shiga ya zaɓi tumatir a tsanake. A wurin cin abinci kuwa, da waya ko makullin mota ake kama tebur, a tafi layi hankali kwance. Da farko ya ce hauka ne. Daga baya ya fi 'yan garin iyawa, ni ma kuma ba zan wanke kaina ba.

Bara ya matsa sai mun je Barsalona, can Turai, yawon buɗe ido. Wata uku muna zaryar biza. 'Yarmu Firdaus shekararta shida, makaranta ba hutu, sai muka bar ta wurin maƙwabciyarmu Sauda. Yarinyar ta sa muka yi mata alkawarin dawowa ranar Juma'a.

Garin ya yi mana kyau, ba zan ɓoye ba. Ranar Alhamis bayan azahar muka gangara bakin teku, muna tafe muna hirarmu da Hausa. A gefen hanya wasu baƙaƙen fata sun shimfiɗa fararen zannuwa, sun jera takalma da tabarau. Kowane zane da igiya a kusurwoyinsa huɗu, mai shi kuma yana riƙe da bakin igiyar. Na lura, amma ban gane amfaninta ba.

Muka ga wani wurin shan shayi, tebur ɗaya tak ya rage a waje. Abban Firdaus ya sauke jakarsa ya ɗora a kujera, ya ce da ɗan Larabcinsa na Doha, "Yalla, mu shiga mu zaɓa." A cikin jakar akwai fasfo ɗinmu biyu da katin zamanmu na Qatar. Ya ƙi barin su a masauki ne, wai bai yarda da masu shara ba. Abin da ya rage masa na Fagge ke nan.

Muna cikin layi na hango ta gilashi 'yan sanda biyu tafe. Nan take masu zannuwan suka fizgi igiya, kowane zane ya zama ƙunshi, suka saɓa a baya suka watse. Cikinsu har da wani dogo mai jar hula, ƙunshi a bayansa, jakarmu a hammatarsa.

Abban Firdaus ya yi waje da gudu yana ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!" Da Hausa fa, a tsakiyar Turawa. Shekararsa arba'in da bakwai ga tumbi, lungu biyu ya yi numfashinsa ya ƙare. Muka je ofishin 'yan sanda, ya siffanta mutumin tsaf: dogo, jar hula, tabo a kumatu.

Da muka fito ya kira abokin aikinsa Abdul-Hakim, wanda ya taɓa yar da fasfo a tafiya. Ina jin muryarsa ta wayar. Ya ce takardar gaggawa da za a ba mu Nijeriya kaɗai za ta kai mu, ba Doha ba. Sai mun je can mun nemi sabon fasfo, sati nawa ko wata nawa, Allah masani. Ban ji sauran ba. 'Yata tana Doha, ni kuma ba ni da hanyar shiga Doha.

A daidai lokacin Sauda ta kira, ta miƙa wa Firdaus. "Umma, saura kwana ɗaya!" Na ce mata haka ne, saura kwana ɗaya. Ina kashe wayar na juya kan Abban Firdaus.

"Ina ɗan Faggen? Ina mai aljihun ciki?"

Ya zauna a bakin titi. Tun da na aure shi ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma har yau ina jin kunyar maganar da na yaɓa masa.

Ba mu da inda za mu, sai muka koma wurin shayin muka zauna a teburin nan. La'asar ta wuce, rana ta fara yin ja a kan ruwa. Sai na ji sallama a bayana.

"Salamu alaikum. Ku ne masu jakan nan?"

Dogon ne, da jar hularsa, babu ƙunshi. Ya ajiye jakar a kan tebur yana waige-waige. Abban Firdaus ya zuge zif ɗin, ni na zura hannu na fiddo su. Fasfo biyu, kati biyu. Sai kuka ya ƙwace mini.

Ya ce sunansa Yussif, daga zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Ya ji Hausarmu tun muna wucewa. Da muka shiga, ya ga wasu mutum biyu suna zagaya kujerar, sai ya ɗauke jakar don ya riƙe mana. Bai gama ɗagowa ba 'yan sanda suka ɓullo.

"Ba ni da takarda, Alhaji. In na tsaya, shi ke nan, an maida ni gida. Ka yi haƙuri, na buɗe jakan, ina neman lambar waya." Ya nuna fasfo ɗin da haɓarsa. "Shekara tara ina neman hatimin da ke cikin wannan. Diyana Shetu na bari yana shan nono, a waya ya san ni. Kai kuma ka aje shi ya kama maka kujera."

Abban Firdaus ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Malam Yussif, na kai ka wurin 'yan sanda. Na faɗi hularka, na faɗi tabon fuskarka. Yanzun nan zan koma in ce an ga jaka."

Yussif ya cire hular ya cusa a aljihu. Ya yi wani ɗan murmushi da ban so na gani ba.

"Ai na ji ihunka ɗazu, Alhaji. Shekara tara ba wanda ya kira ni da Hausa a titin nan, sai yau."

Mun koma ofishin, mun janye maganar. Da muka dawo bakin tekun ba mu same shi ba.

Ranar Juma'a Firdaus ta tarye mu a ƙofar Sauda. Yanzu in mun shiga wurin cin abinci, ni ke zama in kama tebur, shi ya tafi layi da jakarsa a ƙirji. Labarin Kantin Kwari da aljihun ciki kuwa, ban sake jin ya ba kowa ba.