Faifai a Bakin Kofi

Ku aje abin da ke hannunku ku ba ni kunnuwanku. Ga wata nan tafe, amma ba ta gizo ba ce, tawa ce.

Ranar Larabar da ta gabaci azumin bara, da hantsi, ina zaune bisa tabarma a zauren gidanmu na unguwar Yantala a Yamai, jikata Balkisa tana durƙushe gaban tebur, gumi na ɗiga daga haɓarta. Shekara uku ke nan da ta gama karatu babu aiki, tana kwana tana tashi tsakanin bango huɗu. Sai ta sayar da ragon da ta yi kiwo, ta haɗa da ƴan kunnenta, ta sayo sabuwar na'urar buga takarda, amfirimanti suke ce mata, don ta riƙa buga wa mutanen unguwa takardunsu a zauren. Ubanta, ɗana na fari, bai so ba, don a nan yake tara buhunan albasarsa. Ya ce mata: "Kwana uku mai kanti ya ba ki. In Alhamis ta wuce abin nan bai fitar da takarda ba, ki maida shi, ni kuma in maido albasata."

Na'urar kanta lafiyarta lau, tana kunnuwa, idonta kore, har da ɗan nishi take yi. Ordinater ɗin Balkisa ne, wato kwamfuta, tsohon da ta yi karatu da shi, ya ƙi saninta. Tun Talata take fama. Ta cire igiya ta maida, ta sake mata rami, ta hura bakinta, ta kashe ta kunna, ta aro wata igiyar a maƙwabta, duk magana ɗaya yake rubuto mata. Na ce me yake cewa? Ta ce: "Cewa yake bai san ta ba, Kaka. Sai an sa masa pilot, abin da zai gaya masa ko wace ce, su ji maganar juna." Ta yi ta jawo pilot ɗin ta rezo, wato intanet, in ya kai rabi ya tsinke, in bai tsinke ba a ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan. Can ta waigo ta ce: "Da faifai ya kamata ta zo, pilot ɗin yana cikinsa. Tsohuwa, ke kika kwashi kwalin kika ba kazarki, ba ki ga faifai ba?" Na ce mata shekara sittin ina saƙa faifai, in ga faifai in kasa gane shi? Babu ko zaren kaba a kwalin nan. Ta kifa kanta bisa tebur.

Ni kuwa kalmar nan, bai san ta ba, ita ta ɗauke ni daga zauren ta maida ni lokacin da nake ƴar shekara takwas.

A shekarar da uwata ta rasu, damina ta yi gardama a ƙauyenmu na wajen Madawa, rumbu ya koma gidan ɓera. Kakata ta ce a kai ni Yamai wurin gwaggona, ƙanwar babana, wadda ta yi aure can tun ba a haife ni ba. Ranar tafiya ta ɗaura mini wani ɗan ƙulli a ƙugu da zaren auduga, ta riƙe kunnena ta ce: "Kada ki kwance, kada ki nuna wa kowa, sai gwaggonki." Aka danƙa ni ga direban wata kamiyo, babbar motar kaya, ya yi alkawarin sa hannuna cikin nata. Da muka iso, ashe gidan a hayin kogi yake, inda ake ce wa Harobanda, lokacin ko gada babu. Direba yana sauri, sai ya miƙa ni ga mai kwalekwale, mai kwalekwale ya tsallakar da ni, ya nuna mini wani dangan zana da sandarsa, ya juya.

Gwaggo ba ta nan, ta tafi gaisuwar mutuwa. Uwar mijinta na tarar, doguwar tsohuwa Bazabarmiya, ba ta jin Hausa, ba ni jin Zabarmanci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce: "Ay si ni bay." Daga baya na san ma'anarsa, ban san ki ba. Ba muguwa ba ce, ku shaida. A shekarar nan yara da yawa sun zo ƙofofin mutane da sunan dangi. Ba ta kore ni ba, ba ta shigar da ni ba. Gindin wani mangwaro da ke bakin danga ya zama ɗakina. Safe da maraice ta aiko mini da tuwon shinkafa da ɗan kifi a ƙwarya, in rana ta faɗi a shimfiɗa mini buhu a rumfar awaki. Gabana danga, bayana ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, ni da iyakar sanina rijiya. Ta ramukan zana nake kallon gidan: mata na surfe, ana shanya kifi bisa karaga, ƴan mata na ɗebo ruwa da gwangwani suna ban ruwan salati da kabeji, in sun gama su kafa da'ira suna tafi suna waƙar da ban san farkonta ba. Ƙafata ta san rawar, bakina bai san waƙar ba. Na tara ƴan duwatsu ina carafke ni kaɗai, in ci kaina, in faɗi a hannun kaina.

Rana ta uku wata mace ta sauko daga kwalekwale, ɗaurin kallabinta irin nasu, tana zuba Zabarmanci kamar a nan aka yanke mata cibiya. Suka yi magana da tsohuwar, sannan ta tsuguna gabana ta ce da Hausa: "Ɗiyar wa ce ke?" Na ce ɗiyar Baba. Ta ce wane Baba, mene ne sunansa? To mu a yadda aka rene mu, ɗa ba ya kama sunan ubansa, sai na sunkuyar da kai. Ta ce wurin wa kika zo? Na ce wurin Gwaggo. Kowa a duniya yana da baba, kowa yana da gwaggo. Ƙullin yana ƙuguna yana sukata, amma an ce sai gwaggona, ni kuma gwaggon da ke cikin kaina Bahaushiya ce mai kama da Baba, ba wannan ba. Ita ba ta san ni ba, ni ban yarda da ita ba. Aka yanke gobe a maida ni hayi, a ba duk motar da ta nufi gabas.

Da safe ta ce ba za a maida ɗiyar mutane da dauɗa ba, ta ja ni bakin kogi ta yi mini wanka. Tana kwance zanena hannunta ya taɓa ƙullin. Na gantsara mata cizo. Ba ta sake ni ba, ta tsinke zaren, ta buɗe. Ashe gululu ne, ɗan dunƙulen yumɓun nan na gindin mazari, mai zanen ja da fari, gefensa a ɓantare. Nata ne, da shi ta koyi kaɗi, ita ta yar da shi bisa dutsen niƙa tana yarinya har ta sha duka. Ta zauna daɓas cikin ruwa da zanenta, ta kira sunan babana da ƙarfi, sunan da na ƙi faɗi. Kwana uku ina ɗauke da mabuɗin gidan a ƙuguna ina kwana da awaki.

Ina cikin wannan tunani a zaure na miƙa hannu in sha jiƙona na sabara. Na ɗaga ɗan madubin da nake rufe kofin da shi saboda ƙuda, mai rami a tsaka, wanda na tsinta ranar Litinin cikin wata ƴar takarda a gindin kwalin. Hannuna ya tsaya. Na ce: "Balkisa, baƙo ba ya zuwa hannu wofi. Abin da na samu a ƙugun baƙuwarki ke nan, a gindin kwalinta." Ta ɗago kai, ta yi ƙara: "Kaka! Faifan ke nan! Kwana biyu ina kuka kina rufe magani da shi?" Na ce wa ya ce ku ba madubi sunan faifai? Ta goge masa tururi da bakin mayafinta, ta sa shi a ɗan aljihun da ke fitowa daga gefen ordinater. Ya yi gurnani, ya yi ta tambaya tana amsawa, mu duka muna addu'ar kada kuran ya tafi. Sai na'urar ta yi tari, ta ja farar takarda, ta miƙo ta da ɗuminta kamar waina.

Ubanta ya shigo da azahar, ya juya takardar gaba da baya, ya aje ta ya fita. Albasarsa tana rumfar bayan gida har yau. Balkisa na zaure, mutane na layi da takardunsu tun safe. Kaza ta ƙyanƙyashe bakwai a kwalin. Direban nan ban sake ganinsa ba, na kuma yafe masa. Tsohuwar da ta ce ba ta san ni ba, ita ta koya mini Zabarmanci, a kan cinyata ta cika. Gwaggo ta aurar da ni, ta rasu da tabon haƙorana a hannunta. Yanzu gada ta haɗe hayin biyu, ana tsallakawa a taksi kafin a gama gaisawa, mangwaron nan an sare shi an yi shago. Waɗanda suka san ni da sunan yarinta duk sun tafi.

Gululun yana ƙasan adakata, na ce a sa shi a hannun Balkisa ranar da za a kai ta gidan da ba a san ta ba.