Ƙullun Hansai a Bakin Bututu

Duk Bahaushen da ke Thamesmead ya san dambun Hansai. Tun tana budurwa a Zariya ta iya liƙe bakin madambaci da ƙullun fulawa don kada tururi ya tsere, kuma da hannun nan take riƙe da gidanta a Landan: ranakun aiki girki a wata makarantar firamare, ƙarshen mako dambun biki da suna. Mace ce da ba ta san kiran mai gyara ba. Kafin mijinta Lawal ya gama laluben lambar waya, ta riga ta ɗaure abin da tsumma.

A ɗakin bayan gidansu akwai murhun ɗumama ɗaki, irin mai cin 'yan dunƙulen garin katako, da bututun ƙarfe mai fitar da hayaƙi ta bango. Da 'yarta Fauziyya ta haihu ana tsananin sanyi ta dawo gida wankan jego, nan Hansai ta sauke ta. Mai jego ai ba ta shan iska. Ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, ta manne kafar iskar da ke saman taga, murhu kuwa ba ya mutuwa. Na'urar da ke ƙara in iska ta gurɓace, tuni ta cire mata batir, don tana hana ta turaren wuta cikin kwanciyar hankali.

Wata rana ta ga siririn hayaƙi yana silalowa daga mahaɗar bututun. Ko a jikinta. Ta kwaɓa fulawa ta liƙe wurin tsaf.

"Mama, is that safe?" in ji Fauziyya.

"Ke dai kwanta. Tun ba a haife ki ba nake liƙe tukunya."

Jaririyar, Amal, sai barci. Hansai har alfahari take yi wa 'yan barka, wai ba ta taɓa ganin yarinya mai haƙuri haka ba. Ciwon kan da Fauziyya ke kuka da shi kuwa, ta ce jego ne, ta ƙara mata kunun kanwa.

Da hantsi ungozoma Cynthia ta zo duba mai jego. Tana sa ƙafa a ɗakin, wata 'yar na'ura da ke maƙale a jakarta ta ɗauki ihu. Cynthia ta suri jaririyar, ta daka musu tsawa su fita. Hansai ta tsinci kanta a tsakar sanyi ba takalmi, kofin kunu a hannu, ta rasa abin da ke faruwa har motar asibiti ta iso.

A asibiti likita ya ce wata iska ce mai guba, ba launi ba wari, take fita daga bututun. Barcin Amal ba haƙuri ba ne. Hansai ta zauna a ƙasa tana salati. Tsoro irin wannan ba ta taɓa ji ba.

Lawal ya kira Abdul-Basit, wani mutumin Ghana mai gyaran murhu. Ya kwance bututun, ya goge shi da dogon burushi, toka da baƙin hayaƙi suka yi ta zubowa.

"Hajiya, wannan ba tukunya ba ne," ya ce. "Wuta ya busar da ƙullun, ya fashe. Hanyan ma ya yi block."

Ya miƙa mata ɓawon ƙullun. Ga shatin babban yatsanta a jiki, ta tsaya tana kallo. Ya liƙe mahaɗar da danƙo mai jure wuta, ya buɗe kafar iska, ya mayar wa na'urar batirinta.

Ranar da aka sallamo su, Amal ta tsala kuka kamar za ta tsaga gidan. Hansai ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ba za ki ɗauke ta ba?" in ji Lawal.

"Bar ta tukuna, Malam," ta ce, hawaye na zuba. "Bari in ji."