Kwandon Irmtraud

Ranar Talata, huɗu ga Maris, ƙararrawar cocin Ammerfels ta sanar da mu rasuwarki, Irmtraud Vogelsang. Kai, ko a mutuwa sai da kika riga ni.

Kowace bazara garinmu yana yin wasan kwaikwayo don tuna matar mai gasa burodi ta zamanin da, wadda ta hau ganuwa lokacin da mayaƙa suka yi mana ƙawanya, ta jefa musu burodin ƙarshe, suka zaci rumbunmu a cike yake suka janye. Tun muna 'yan mata ni da ke muke son fitowa a matsayinta. Ke aka zaɓa. Shekara talatin kina bisa ganuwa da kwando, jama'a na tafi, ni ina ƙasa cikin masu kukan yunwa, an shafa min toka a fuska. Na ji haushi, kuma ban taɓa ɓoye miki ba. Na fi ki murya, kowa ya sani.

Abin takaicin, ba ki bar min hanyar ƙin ki ba. Da mijina ya rasu, hunturu guda kina hawo tudun gidana cikin ƙanƙara da tukunyar miyar dankali. 'Yan makaranta kuwa, kina kai su hasumiyar agogo da tsohuwar gadar dutse, su sauko kamar su suka gina garin. Ko hoton da ake sayar wa baƙi a bakin kasuwa, fuskarki ce a jiki.

Da na je duba ki asibiti, kika sa 'yarki Almut ta miƙo min kwandon.

"Gundula, bana ke za ki hau. Ki jefa da ƙarfi, kada ki ba ni kunya."

"Sai yanzu da gwiwata ta lalace, 'yar rowa?"

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki.

Zan hau, ko da rarrafe. Amma kin cuce ni, Irmtraud. Ba tafin jama'a nake nema ba. So nake rana ɗaya ki tsaya a ƙasa, da toka a fuska, ki ɗaga kai ki kalle ni. Yanzu wa zan leƙo?

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya sa kin huta. Ekkehard, Allah ya ba ka haƙurin rashin matarka, kai da Almut da jikoki. Ni ma a yi min ta'aziyya.